Tsuwwar Motar Mai Kunnen Zinare

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar ji, to a fara da maƙwabcina, a tsaya a kansa, sauran su yi haƙuri. A ofis shi ne shugaban sashen ajiya, mai riƙe da makullin ɗakin da ake tara karyayyun kujeru. Amma wannan aikin rufin asiri ne kawai, ainihin fanninsa sauti ne. Mai Kunnen Zinare muke ce masa, kuma ba mu sha wahalar neman sunan ba, shi ya raɗa wa kansa ya kawo mana har gida. Zai shigo falonka kuna kallon labarai, kafin ya amsa gaisuwa ya ɗaga yatsa ya ce, "Lasifikarka ta hagu tana mura."

To, bawan Allahn nan ya yi waƙa. Shi ya tsara, shi ya rera, shi ya yi wa kansa amshi. A banɗaki ya ɗauke ta da wayarsa, domin a cewarsa nan ne murya take samun 'yancinta. Waƙar kuwa tarihin wani gwarzo ce mai kula da ɗakin ajiya, wanda duniya ta kasa gane darajarsa. Burinsa ɗaya ne, a sa ta a rediyo. Sai ga hanya ta samu: yayan matarsa, wanda ke tsara shirye-shirye a wani gidan rediyo, zai zo ganin ƙanwarsa. Mai Kunnen Zinare ya ce shi zai ɗauko shi daga tasha. Mutum yana zaune a mota, ƙofa a rufe, ina za shi in ba saurare ba?

Sai dai motar ta ƙi ba da haɗin kai. Da zarar ya soka igiyar da ke kai sauti daga wayar zuwa rediyon motar, sai wata tsuwwa ta taso, zuuu, kamar sauro ya samu lasifika. In ya taka totur ta sirance ta hau sama, in ya sassauta ta sauko. Waƙar tana can ƙarƙashinta, sai dai ka ji alamar akwai mutum a wurin. Ya tara mu a ƙofar gida muka saurara, muka ce lallai da ba don tsuwwar nan ba da an ji abu. Ba ƙarya muka yi ba.

Wani ya yi karambanin cewa a kai wa mai gyaran rediyo. Mai Kunnen Zinare ya dube shi da tausayi.

"In kai wa wa? Mutumin da guduma ta gama da kunnensa? Ku fahimta, sauti ba ƙarfe ba ne. Sauti ruhi ne. Wannan aikin sai ni."

Ya kuwa naɗe hannun riga. Ya kwance marafan ƙofofin gaba, ya fitar da lasifikun da ba su yi wa kowa laifi ba, ya sa sababbi. Tsuwwa tana nan. Ya naɗe igiyar da salatif har ta yi kaurin rake. Tsuwwa ta ce sannu da aiki. Ya cusa matashin kan matarsa a but ɗin motar, ya zargi tayoyi, ya zargi turakun lantarki, daga ƙarshe ya fara kallon mu maƙwabta da wani irin ido. Da ya zo mayar da marafan sai kusoshi suka yi masa yawa, gilashin gefen fasinja ya daina sauka, mariƙin buɗe ƙofar ta ciki kuma ya koma zama a aljihunsa.

Abu ɗaya ne bai taɓa ba, cajar da ke maƙale da wayar dare da rana. Wannan kuwa ba ta taɓuwa. Yakan ce, "Wayar babban mutum ba ta zama da yunwa."

Ranar ɗauko baƙo aka sa ni a kujerar baya, wai a samu shaida ga tarihi. Yaya mutum ne mai sanyi, ya shigo da jakarsa a gajiye. Ba a gama tambayar mutanen gida ba aka kunna masa. Tsuwwa ta tarbe shi, ya yi ta gyaɗa kai don kunya. Can ya duba wayarsa ya ga ta mutu a hanya, ya miƙa hannu ya zare cajar daga ta surukinsa ya soka a tasa.

Tsit. Tsuwwa ta ɗauke kamar an yanka ta.

"Kun ji ko!" in ji Mai Kunnen Zinare yana dukan sitiyari. "Salatif ɗin ne, sai yanzu ya kama. Yaya, gyara zama."

Ya murɗa sauti har ƙarshe, ya dawo da waƙar farko. A ranar na san tsuwwar nan 'yar mutunci ce, asirin maƙwabcina take rufewa. Muryar ta fito tas, babu abin da ya kare ta. Tana hawa inda ya kamata ta sauka, tana shaƙewa a tsakiyar baiti, ga ɗigon famfon banɗaki yana bin ta, kuma ɗigon kaɗai ne ke kan kiɗa. Wajen amshi har ana jin matarsa tana buga ƙofa tana cewa yara za su makara.

Yaya ya danna maɓallin gilashi, gilashi bai motsa ba. Ya laluba mariƙin ƙofa, ya tarar da rami. Ya waiwayo ya dube ni, na sunkuyar da kai, don wallahi tausayinsa ya kama ni. Sai ya tsura wa cajar ido, ya dubi wayar surukinsa, ya sake duban cajar. A hankali ya zare ta daga tasa wayar da ko farfaɗowa ba ta yi ba, ya mayar inda ya ɗauko.

Zuuu. Yaya ya jingina, ya sauke numfashi.

"Kash, ta dawo," in ji Mai Kunnen Zinare. "Amma dai ka ji abin da ka ji. Yaushe za a sa ta a rediyo?"

Yaya ya lumshe ido.

"In tsuwwar ce, turo min ita kaɗai, zan duba."