Kilishi a Cikin Bututun Gwaji

Ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Talata a shekarar 2012 ba, ranar da rowata ta kusa kashe wa Dakta aikin shekara uku. Lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaji da ke cikin tsohon sito a Ras Al Khor, a Dubai. Dakta, shugaban ɗakin gwajin, mutumin Zariya ne, shi ya nemo mini aikin, shi ya tsaya mini har na sami biza.

Abin da muka gina bututun ƙarfe ne mai tsawon gaske, an raba cikinsa biyu da siririn faifan alminiyam. Ana ɗura iska a ɓangare ɗaya har faifan ya fashe, sai iskar ta kwasa a guje, ta ninka gudun sauti sau da yawa, na'urori su auna ta. Da haka ake gwada abin da jirgi mai tsananin gudu zai tarar a sama. Sharaɗin dai ɗaya ne: cikin bututun ya zama tas, ko ƙura kada a samu. Share shi kuma aikina ne.

To, Inna ta aiko mini da kilishi daga gida. A filat ɗinmu na Al Nahda mu shida ne, kuma na san halin mutanena, ko ƙamshi suka ji an gama. Sai na kawo shi wurin aiki. Na duba ko'ina ban ga wurin da ya kai ƙarshen bututun nan bushewa da rufin asiri ba (a lokacin har yaba wa kaina basira na yi). Kullum in Dakta ya fita sallar Azahar sai in ce ina tafe, in zura hannu in yago.

Ranar Talatar nan wata farfesa daga Turai za ta zo ta tantance bututun. Idan ta sa hannu, za a fara turo mana aiki. Idan ta ƙi, a rufe sashen. Na yi niyyar sammako in cire kayana, sai cunkoson hanyar Sharjah ya riƙe ni sa'a biyu. Ina shiga na tarar Dakta ya ɗaure murfin bututun da kansa, famfo yana zuƙe iska. Ya tambaye ni ko jiya na share ciki. Gaban farfesa ne fa. Na ce na share.

Famfon ya yi ta fama, matsin iskar ya ƙi sauka yadda aka saba. Farfesa ta tambayi ko akwai wani maiƙo a ciki, Dakta ya rantse mata babu, domin ya yarda da ni. Ni kuwa ina tsaye a gefe. Ina iya magana a nan a dakata. Ban yi ba, ina ta addu'ar wai kilishin ya maƙale a inda yake.

Aka harba. Zanen da ya fito a kwamfuta ya yi kama da tafiyar kaza a kan yashi, ƙaramar tagar gilashin da ke jikin bututun kuma ta koma ja. Dakta ya kwance murfin, farfesa ta sunkuya ta leƙa, yaji da garin ƙuli suka tarbe ta. Ta yi atishawa ta fi goma, hawaye sharkaf, tana tambayar wane irin sinadari ne wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce mata nama ne. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Allah Ya sa ta yarda ta ɗaga tafiyarta. Kwana uku na yi ina goge bututun nan da tsumma a kan sanda, aka sake gwaji, ta sa hannu. Duk kwanakin nan Dakta bai ce mini uffan ba, har na fara lissafin yadda zan koma gida. Sai ya kira ni ofis.

"Ƙaryar da ka yi mini a gaban baƙuwa, wannan na bar ka da Allah," in ji shi. "Amma malam, wata nawa ke nan ban ɗanɗana kilishi ba, kana ci a bayan idona?"

Na ce, "Dakta, a gafarce ni."

Ya ce, "Khalas, ya wuce, koma bakin aikinka."

Tun daga ranar, duk tsarabar da ta iso hannuna a take nake rabar da ita. Ba don na zama mai kyauta ba, a'a, na dai gane cewa hannun mutane ya fi kowace maɓoya sauƙin wankewa.