Yadda Za Ka Ƙera Wasan Kiwo a Waya Ba Tare da Ka Kalli Saniya Ba

Kai mai burin zama maƙerin wasan waya, ga hanya wadda ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba sai wanda ya bi ta. Ikrima ne ya share ta a Dutse. Da ya gama jami'a, baffansa Bubayero ya ba shi wa'adi daga damina zuwa damina: ko ya fito da wasan da za a gani, ko ya koma Garki ya karɓi garke.

1. Tara darussa

Sauke bidiyon koyarwa har waya ta fara nishi. Ikrima ya tara ɗari da arba'in, kowanne ya kalli minti ukun farko, daidai inda malamin ke gaisuwa. Ilimin da ke cikin waya ai naka ne, ba sai ya wahalar da kai wajen shiga ka ba.

2. Haddace jimla ɗaya

"Wasa nagari shi ne mai sauƙin koyo, mai wuyar ƙwarewa." Faɗe ta a majalisa, a wurin mai shayi, a cikin Keke Napep. In an ce ina wasan, ka yi murmushin tausayi.

3. Ƙera abin da ka sani

Masana sun ce haka. Ikrima ya zaɓi kiwo, tunda jininsa ne, ko da yake rabonsa da riƙe sanda tun yana aji uku na firamare. Saniya tana da wuyar zane, shi kuwa doki mai motsi kyauta ake samunsa a intanet. Sauke shi, ɗora masa ƙaho da tozo, shafe shi da fari. Wa zai bincika?

4. Ɓoye shi daga masu gwaji

Masana sun nace a ba mutane su gwada tun da wuri. Kada ka yarda. Mai gwaji ba ya zuwa da komai sai gaskiya.

5. Ranar nunawa, sa babbar riga

Baffa ya iso daga Garki da hantsi, ya zauna, ya riƙe wayar nesa da fuska.

"Ina zan taɓa?"

"Nan, Baffa. Saniyar tana kwance, ku tashe ta."

Ya taɓa. Ta miƙe ƙafafun gaba, ta yunƙura, ta tsaya. Ya kwantar da ita, ya sake tayarwa, har sau uku. Ikrima ya fara jin daɗi: ga ɗan wasa ya kamu.

"Ikrima, wannan wa ya haife ta?"

"Na'am, Baffa?"

"Saniya da baya take fara tashi, ta durƙusa kan gwiwa, sannan gaba ya biyo. Wannan doki ne ya ari hular wani."

"Ai salon zane ne, Baffa."

"Madalla da salo. Akwai arba'in a gida masu tsohon salo, kullum safe suna tashi. Haɗa kayanka."

Hattara

Marubucin nan bai ɗauki alhakin ƙaya, kaska ko takun kofato ba. Mai ƙorafi ya nemi Ikrima a Garki, inda yake gaya wa abokai ta waya cewa binciken fili yake yi. Ba ƙarya ya yi ba. Jiya saniya ta tashi a gabansa, kuma shi ne darasi na farko da ya kalla har ƙarshe.