Sabuwar Wuta a Bas Ɗin Nomau

Ku gyara zama in ba ku labarin Nomau, mutumin da Allah Ya yi wa zuciya fara fat, amma wayo da ƙaramin cokali aka auna masa. Duk abin da aka ce ya yi, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari.

Shekarar da ambaliya ta cinye gidansu, abin da ya rage musu wata tsohuwar doguwar bas ce da mahaifinsa ya bari. Matarsa Lantana, mace mai kai, ta sa aka cire kujerun, aka kafa gadaje biyu da labule a tsakani, aka yi wurin girki a bakin ƙofa. Su uku suka tare a ciki: Nomau yana tuƙi, Lantana tana sayar da zoɓo da kunun aya, sai mahaifiyarsa Inna Tabawa da gadonta ke can ƙurya. Kasuwannin ƙauye suke bi, Lahadi nan, Alhamis can. Inna ba ta kiran sunansa da yake ɗan fari ne, sai dai ta ce “Direba”.

To, Inna tana da ciwon suga, kullum sai an yi mata allura. Sau ɗaya a wata ake ba ta ’yan kwalaben maganin, kuma malamar asibiti ta ja wa Lantana kunne: in suka ji zafi sun lalace, babu wasu sai wata ya zagayo. Wutar bas ɗin kuwa farantin sola guda ɗaya ne da wani gajiyayyen batirin tirela. Firjin da suke ajiye maganin ya yi sanyi da hantsi, kafin la’asar ya sume. Shi ya sa Lantana ta kira ƙanenta Isiyaku, mai haɗa sola a gari. Kwana uku ya yi. Ya ɗora faranti huɗu a rufin mota, ya ajiye manyan batura biyu a ƙarƙashin gadon Inna, ya kafa inbata, wato akwatin da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Duk wayoyin ya sake su, ban da wata tsohuwa da ta bi ta bayan gadon, ya ce da sauran ƙarfinta.

Da zai tafi ya ce, “Mijin Yaya, abin da na ce kawai za ka yi. Kada ka sa kanka a ciki.”

Nomau ya ce, “Ai ban taɓa sawa ba.”

Wata rana Isiyaku ya bugo waya ya ce, “Ka tabbata farantan nan suna kallon rana, shi ne abincinsu.” Da yake farantan sun ɗan karkata wajen gaban mota, Nomau ya juya hancin bas gabas tun da safe. Rana ta ɗan gusa, ya tayar da mota ya gusa. Ta ƙara gusawa, ya ƙara. Masu sayen zoɓo suka dinga bin ƙofa da gudu, kofuna a hannu, Lantana tana miƙa musu ta taga. Da azahar Inna ta shimfiɗa dardumarta ta kabbarta salla tana fuskantar alƙibla, ta sallame tana kallon mahauta.

Ta ce, “Direba, alƙibla ce ta tashi ko ni ce na rikice?”

Ya ce, “Rana ce ba ta zama wuri ɗaya, Inna. Ni ma ta gajiyar da ni.”

Inna ta fita ƙarƙashin bishiya ta sake sallarta. Man da za su je kasuwar Alhamis da shi kuwa, a fili ɗaya ya ƙare.

Wata rana kuma Isiyaku ya zo dubawa, ya hau rufi ya tarar da kashin tsuntsaye. Ya sauko yana faɗa. “Kada ka ƙara bari wani abu mai datti ya sauka a kan farantan nan, ka ji ko?” Nomau ya ce ya ji. Yana tafiya, Nomau ya kwashi tabarmi biyu da bargon aurensu, ya hau ya lulluɓe farantan tsaf, ya ɗaure da igiya. Daga ƙasa ba a ganin komai. Kwana biyu ana haka, a na uku inbata ya fara kuka kamar ɗan tsako, firji ya yi shiru. Lantana ta buɗe, ta taɓa kwalaben Inna, ta ji sanyinsu saura kaɗan. Nan da nan ta naɗe su a leda, ta sa a tulun ƙasa mai ruwan sanyi, ta rufa masa jiƙaƙƙen buhu. Sannan ta taka tsani ta leƙa rufi.

“Malam! Bargona ne wannan?”

“Ɗaga ki gani,” in ji shi, yana washe baki. “Ko ɗigo ɗaya bai taɓa su ba. Kamar madubi.”

Lantana ta yi salati, ta yaye bargon da tabarmin ta sauko ta wuce shi, don ta san in ta buɗe baki a ranar za ta faɗi abin da sai ta yi istigfari.

Wata rana ana tsakiyar bazara, Isiyaku ya ce ta waya, “Baturan nan ba sa son zafi, a riƙa bari suna shan iska.” Nufinsa kada a toshe ƙarƙashin gado da ƙunshin kaya. Lantana ta dawo daga niƙan aya ta tarar da taron mutane a gindin darbejiya. Ta kutsa. Ga batura biyu a kan tabarma, Nomau ya kwance su ya ciro, kowanne ya kai nauyin buhun gero, yana zaune a tsakiyarsu yana yi musu fifita da mahuci, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

Wani mai kayan koli ya ce, “Malam Nomau, yaya masu jikin?”

Ya ce, “Da sauƙi. Na dama ya fi jin zafin.”

Lantana ba ta tsaya dariya ba, ta ruga ta sake mayar da kwalaben Inna cikin tulu.

Da Isiyaku ya zo mayar da baturan, ya kafa wani babban makunni ja a bakin ƙofa. Ya kama hannun Nomau ya ɗora a kai, ya yi magana dalla-dalla. “Wannan kaɗai ne aikinka daga yau. In ka ji ƙauri, ko yaya yake, ka sauke shi ƙasa, wuta za ta ɗauke gaba ɗaya. Ka fitar da kowa. Kada ka mayar sai na zo da kaina.”

Wayyo Isiyaku! Tuwon Lantana ya kama a tukunya, Nomau ya sauke makunni. Inna ta sa turaren wuta ranar Juma’a, ya sauke makunni, ya fito da ita da kaskon a hannu. Cikin mako biyu sau huɗu Isiyaku yana hawo babur daga gari, ya ɗaga makunni da ɗan yatsa ɗaya, ya koma yana ƙunƙuni.

Wata rana, ranar kasuwar Lahadi, jiya-jiya aka karɓo wa Inna maganin wata guda cur. Rana ta take, ko kare ba ya fita. Inna ta kishingiɗa bayan azahar. Sai ga wata mai gasa masara ta kafa murhunta dab da tagar bas, masara ɗaya ta ƙone. Nomau ya ɗaga hanci, ya shaƙa, ya miƙe ya sauke makunni. Ya shiga ya tallabo Inna da filonta ya ajiye a inuwa, ya dawo ya zauna daram a gaban makunnin.

Lantana ta ce, “Malam, masara ce. Ga ta can kana gani.”

“Na gani. Ƙauri ne dai.”

“Ƙaurin waya yake nufi!”

“Bai ce na waya ba. Ko yaya yake, ya ce.”

Ta lallashe shi, ta yi faɗa, har ta yi hawaye. “Maganin Inna na wata guda ne a ciki. Tulu na ɗan lokaci ne, ba zai riƙe shi a wannan zafin ba. In ya lalace ina za mu samo wani?” Nomau ya dubi mahaifiyarsa, idonsa ya ciko, amma bai motsa ba. Ya ce, “Sai ya zo da kansa.”

Inna ta ce, “Ƙyale shi, ’yar nan. Ubansa ma bai iya tayar da shi ba in ya zauna haka. Sa a tulu, mu bar wa Allah.”

Lantana ta sa kwalaben a tulu, ta zuba sauran ƙanƙarar zoɓonta a kewaye, ta zauna tana jiƙa buhu tana jan carbi. Ƙanƙarar tana narkewa tana kallo.

Sai bayan la’asar Isiyaku ya iso, fuska a murtuke. “Mijin Yaya, wallahi ba don Yaya ba da na sa an ɗaure ka a jikin taya. Masara! Saboda masara na baro aikin mutane?” Ya kai hannu zai ɗaga makunni, sai ya fasa. “A’a, yau sai na buɗe ko’ina ka gani da idonka babu komai, ko na huta.” Ya shiga ƙurya yana mita, ya janye katifar Inna, ya ɓalle katakon bayan gado.

Mitar ta tsaya cak.

Lantana ta leƙa ta kafaɗarsa. Tsohuwar wayar nan da ya ce da sauran ƙarfinta, robarta ta narke ta zuba, jan ƙarfen ya fito tsirara. Katakon ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, har gefen katifar ya fara toyewa, daidai inda Inna ke ɗora kanta. Wayar ba ta iya ɗaukar sabuwar wutar ba, ta jima tana dahuwa a ɓoye.

Isiyaku ya zauna a ƙasa. Da ƙyar ya ce, “Da an ƙara rabin awa da wuta a jikinta...” Inna ta ɗaga hannu sama ta ce, “Alhamdulillahi,” sau uku, a hankali.

Kafin magariba ya sa sabuwar waya mai kauri, firji ya ɗauka. Lantana ta ciro kwalaben daga tulu ta ɗora a kumatunta. Da sanyinsu.

Isiyaku ya je ya durƙusa gaban Nomau. “Yaya Nomau, ka yafe mini. Amma don Allah yaya aka yi ka gane ƙaurin waya ne a cikin hayaƙin nan?”

Nomau ya ce, “Wace waya? Ni masara na ji.”

Isiyaku ya yi dariya har da share ido. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, “To ka ji, daga yau duk lokacin da ka...”

Lantana ta yi wuf ta toshe masa baki da tafin hannunta.

Ta ce, “Isiyaku, ka yi wa Allah. Hau babur ɗinka ka tafi gida, ka kwana kana tunanin abin da za ka ce. Gobe ka fara gaya mini, in na yarda sannan ya ji.”