Rasuwar Rahaji, Jar Motar Alhaji Na'Allah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin cikin nauyi, Alhaji Na'Allah, falken shanu na Ƙofar Kware, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Rahaji. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a kan hanyar Wamakko, saura kwana goma sha uku a yi bikin samun 'yancin kai. Shekararta biyu da wata uku a hannunsa.

Mutanen gari sun riga sun faɗi nasu a kanta. Mahauta sun ce ja ce kamar tsokar da aka yanka yanzu. 'Yan kara, masu cinikin shanu, su suka sa mata sunan jan san nan mai dogon ƙaho, saboda fikafikan ƙarfe biyu da ta ɗaga ta baya. Tsofaffin bakin ƙofa sun ce ba a jin zuwanta, sai dai a ga hular wani ta tashi. Akwai Baturen da ya taɓa tsayawa ya zagaya ta sau biyu, ya tafi bai ce komai ba, kuma kowa ya yarda yabo ne.

Marigayiya mai haƙuri ce. In an tashe ta da safe ba ta tari irin na motocin gyaɗa. Cewa take hmmm, kamar malamin da aka kawo wa tambayar da ya san amsarta. Odarta ma ta girma ce, fam-faam sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Ba ta taɓa ƙin ɗaukar mai naƙuda ba, ba ta taɓa raina unguwa ba, ko da lungun ya yi mata kaɗan. Amma in ta samu miƙaƙƙiyar hanya, wata halitta ce daban. Ranar da aka fara ba Alhaji sitiyari a hanyar Gusau, ya taka totur, allura ta hau mil tamanin, giginyoyi suna wucewa ba a iya ƙirga su. Mutumin da ya sha kora shanu da ƙafa har Ilorin, kwana arba'in yana kallon wutsiyarsu, sai ga shi ya share tafiyar yini kafin goron bakinsa ya yi laushi. Hawaye ya zubo masa, ya ce iska ce, alhali tagogi a rufe suke.

Wanda ya ba shi sitiyarin nan shi ne direbanta, Malam Ladan, tsohon soja, wanda ya tuƙa mota a yaƙin Boma ya dawo da ƙafafunsa biyu. A tasha ana cewa shekara goma sha bakwai yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Shi ya ɗauko Rahaji daga jirgin ƙasa a Gusau, shi ke tace mata ruwa da farin ƙyalle kafin ya zuba a lagireto, inda take shan ruwan sanyaya inji. Tun ranar farko ya ja kunne: "Ruwa zalla, Alhaji. Ita ba saniya ta ba."

A nan ne ya kamata a yi bayanin jinya, kuma mai sanarwa yana roƙon a karanta a hankali.

Shekara arba'in Alhaji yana cikin shanu. Abin da ya sani, wanda ubansa ya sani, shi ne duk dabbar da ke aiki ba a ba ta kanwa ba, ramewa take. Ya ga motar nan tana gudun da babu san da zai yi, ba ta lasar komai, sai tausayinta ya kama shi. Saboda haka kowace Juma'a, in Malam Ladan ya tafi aski, sai ya sa maiɗakinsa Hajjo ta daka jar kanwa, mai kyau, irin wadda yake ba bijimin da yake ji da shi. Ya jiƙa, ya buɗe lagireto, ya ɗura mata, ya shafa goshinta. Wallahi don ƙauna ya yi.

Da daminar bana ta faɗi sai ta fara zazzaɓi. Allurar zafi tana hawa. Malam Ladan ya zubar da ruwan ya sake sabo, ya kwanta ƙarƙashinta ya tashi, ya rasa gane kanta. Alhaji kuwa da ya ga zazzaɓi, sai ya ninka kanwa.

Ranar Lahadin, za su duba shanu a Wamakko, Alhaji ke tuƙi. Malam Ladan ya ce a tsaya ta huta, sau biyu yana faɗi. Alhaji ya ce an kusa. Sai ta yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba, tururi ya rufe gilashi, ta ja numfashi fuuu, ta yi shiru. Manoma suka fito daga cikin gero suka kewaye ta. Wani dattijo ya tambaya me ya same ta. Alhaji ya dubi taron, ya dubi motar, ya ce: "Direba yab bar ta da ƙishi."

Malam Ladan ya sa hannu a aljihu. Ya miƙa makulli da hannu biyu, ya kama hanyar gari da ƙafa. Maganar ta riga shi isa.

Da aka jawo gawa, bakanike ya farke lagireto ya tarar ya toshe da farin gari da yashi, inji kuma ya ƙone. Ya ɗanɗana a harshe, ya ce: "Wa ka dahwa wake cikin motag ga?" Alhaji ya dubi ƙasa. Bai kuma je ya gyara maganarsa ba. Wani attajiri da ya nemi Malam Ladan ya tuƙa masa baƙi ranar biki ya aiko ya ce ya fasa. A tasha yanzu Mai-ƙishi ake ce masa. Kullum yana zuwa ya zauna a benci, babu mai ba shi mota.

Marigayiya ta rasu ta bar safayar taya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da makulli biyu, da farin ƙyallen tace ruwa, da rumfar da aka gina mata, wadda awaki suka riga suka gada. Ta bar rabin ƙwaryar kanwa. Ta bar direba da aka ɓata wa suna, da mai ita, wanda tuwo ya daina yi masa daɗi. Hajjo ta ajiye masa akushi shekaranjiya ta ce: "Alhaji, turmin da nid daka kanwar shina nan. In an tambaye ni, ni ba ni ƙarya. Mi kaka jira?"

Kwana uku ya yi yana rubuta wannan da hannunsa, da bokon da ya koya a ajin yaƙi da jahilci yana da furfura. Ya so takarda ta isar masa. Amma da baki aka yi ƙaryar, a gaban jama'a.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Bijimai huɗu za su jawo ta daga wurin bakanike zuwa bayan gida, gindin tsamiya, inda za ta kwanta. Ba za a yi mata salla ba, tunda ƙarfe ce. Ba za a yi wanka ba, ta sha ruwan da ya ishe ta. Ana karɓar gaisuwa a zaure kwana uku. Kada kowa ya kawo kanwa.

Saura wanda zai riƙe mata sitiyari a tafiyarta ta ƙarshe, kuma mutum ɗaya ne ya cancanta, in ya yarda. Don haka yau da safe Alhaji ya tafi tasha da ƙafa, lokacin da direbobi suka cika. Malam Ladan ya tashi daga benci ya ce: "Alhaji, lahiya?" Alhaji, wanda ba a san shi da ɗaga murya ba ko a kara, ya ɗaga ta yadda har masu lodi suka tsaya:

"Jama'a ku ji. Malam Ladan bai bar ta da ƙishi ba. Ni nib ba ta kanwa, ni nik kashe ta, kuma niy yi mai ƙarya don kunya. Malam Ladan, don Allah ka gahwarta mani."