Nauyin Gida da Injin Murfi

"…da gajiya, da kuma tumbin?"

"Tumbi lafiya ƙalau, yana gaida ƙasusuwanki. Da ƙafa kika zo, ko iska ce ta kwaso ki?"

Haka Jarka da Kurɓi suke gaisawa kowace safiya a ƙofar sito, ma'aikata ma sun daina ɗaga kai. Taubasai ne. Mahaifin Kurɓi ne mai masana'antar ruwan da suke aiki a ciki, shi kuma Jarka ɗan ƙanwarsa ne. Jarka ke kula da sashen manyan jarkoki, Kurɓi ke riƙe da na ƙananan goruna, kuma an yi dace kowa ya yi kama da hajarsa.

A makon nan maigidan ya sayo injin rufe murfi guda ɗaya. Yana nan cikin kwalinsa a tsakar sito, ba a faɗi sashen da za a kafa shi ba. Abin da kawai ya ce shi ne su biyun su zauna su raba nauyin gida a tsakaninsu, wato haya da man janareta da albashin maigadi da duk kuɗin da ba na jarka ba, ba na gora ba, amma ba a yin ruwa sai da shi. Jarka ya yi nasa nazari, ya gano cewa sashen da aka ɗora wa kaɗan shi zai fito da riba mai kauri, mai riba kuwa shi ke da inji. Kurɓi ba ta yi nazari ba. Ita dai tana wanke kofuna a gida ta ji mahaifinta yana gaya wa mahaifiyarta cewa duk wanda ya ɗauki kaso mafi nauyi shi zai samu injin, don mai biyan kuɗin rufi shi ya fi cancanta da inuwa. Tafin hannunta duk ya yi kanta saboda murɗa murfi. Ba ta ga dalilin da zai sa ta ɗora wa ɗan'uwanta nauyin wannan labari ba.

"Zauna, bawana, mu fara da haya," in ji ta.

"Bawan da ya fi uwargijiyarsa ƙiba? Haya mai sauƙi ce. A ƙirga kwalabe, kowace kwalba ta biya wurin kwananta."

"La ilaha! Jarkokinka sun cinye sito, sai na yi gefe-gefe nake wucewa."

"Ke ko a tsakiyar fili gefe-gefe kike tafiya. Jarkata ɗaya ce take kwana a inda 'ya'yanki arba'in suke kwana. In aka shiga mota, kai ake ƙirgawa ko faɗin mazaunai?"

"Da faɗi ake ƙirgawa, da tuni ka sayar da gadonka."

"Haya taki ce."

Kurɓi ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda aka zalunta, ta ce to.

"Janareta," in ji Jarka, yana gyara zama a kan katan. Katan ɗin ya yi ƙara.

"Wannan kam da yawan ruwa za a raba. Famfo ruwa yake turawa, ba kwalba ba. Jarkarka ɗaya tana shanye abin da zai shayar da unguwa."

"Ni kafin rana ta take na cika nawa na rufe. Wa ke sa janareta yana kuka har la'asar, ana ɗura ruwa kamar ana ɗiga maganin ido?"

"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

"To sarkin yawa ya sayi mai. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

"Allah ya isa tsakanina da Gwaggo da ta haifo ka."

"Ta ce a gaishe ki. Saura maigadi."

"Maigadi dai kai yake gadi. Tun da aka buɗe wurin nan, ruwan da ya ɓace a cikinka ya fi wanda aka kai kasuwa."

"Tsaya. Ɓarawo ya taɓa sa jarka a aljihu? Kin taɓa ganin an tsallake katanga da jarka a hammata? Ni kayana su ke gadin kansu. Naki ne ake saka wa ido."

"Rabi da rabi, don zumunci."

"Zumunci a ƙafa yake, ba a albashi ba."

A nan magen sito ta fito daga bayan kwalin injin, ta yi miƙa, ta haye cinyar Jarka ta kwanta, kamar an aika mata takardar gayyata.

"Yawwa, ga wadda ba ka isa ka musa ba," in ji Kurɓi. "Kifin wannan a kanka yake. Dubi inda ta kwanta."

"Wurin hutunta ke nan. Wurin aikinta fa? Ɓera yana cin jarka? Katan ɗinki yake ci da takardar da kike liƙawa. Ma'aikaciyarki ce, baƙunta kawai take kawo mini."

"Har mage?"

"Har kyanwar da za ta haifa."

Maigidan ya shigo daidai nan, da tabarau a goshi, yana neman tabarau. Ya tambaya ko sun gama. Jarka ya miƙe, mage ta faɗo, ya yi bayani tiryan-tiryan: kwalaben Kurɓi sun fi yawa, sun fi cin lokaci, sun fi jawo ɓarawo, sun fi jawo ɓera. Bai taɓa yin magana mai tsari irin ta ranar ba.

"Kin yarda?" in ji maigidan.

"Ya zan yi, Baba? Ya fi ni baki."

"Madalla. Tunda gidan a kanki yake, a kafa injin a sashenki." Ya shafa goshi, ya samu tabaransa, ya fita.

Jarka ya dubi kwalin, ya dubi ƙofa, ya dubi Kurɓi, wadda take duban rufi da natsuwa.

"Kin sani."

"Ni? Ƙasusuwa suna da kunne?"

"Kawu! A dawo mini da mage! Da rabin maigadi!"

"Ramin mugunta, ɗan Gwaggo, an ce a gina shi gajere. Kai kuwa har da matakala ka yi wa naka."

Ta kwance tsumman da take naɗe hannu da shi in za ta murɗa murfi, ta ninke shi da kyau, ta ɗora masa a kafaɗa. Sannan ta zaro ƙaramar gora ɗaya daga katan ɗin da ya lotse a ƙarƙashinsa ta miƙa masa.

"Sha ka huce. Kyauta ce, har da kason kifin mage a ciki."

Jarka ya kama dariya har tumbin yana rawa. Ya shanye gorar a kurɓi ɗaya, ya tsugunna ya rungumi kwalin injin.

"Wuce gaba, uwargijiyata, nuna mini inda za a ajiye. Dakon dai a sashenki za a sa shi."