Kanar Sharfuddeen Ya Kori Gurguzu Daga Ƙuba

Duk wanda ya wayi gari lafiya a unguwar Ƙuba ya gode wa Allah, sannan ya gode wa Kanar Sharfuddeen, Dodon 'Yan Gurguzu. Shekara talatin yana tsare Madina daga kwaminisanci, kuma ga shaida: ko ɗan gurguzu ɗaya bai shigo ba.

Ya yi yaƙi a Cadi, in ji shi. Waɗanda suka san shi can sun ce lallai ya sha wuta, don shi ke dafa wa sojoji shayi. Muƙamin kanar kuwa a jirgi ya ba kansa, kafin a sauka Jidda.

Rundunarsa ta sirri tsofaffin sojoji huɗu ce, duk masu gadi a gonar dabinon Fahad, kamar shi. Sirrin ya kai har mai gurasar unguwar Anbariyya ya san ranar taronsu. Kowace Juma'a bayan la'asar sai su jeru bayan rijiya, reshen dabino a kafaɗa, ana fareti ana tari.

Kwatsam sai ga abokin gaba: Suhaib, ɗan Sudan mai hawan dabino, 'ya'yansa biyar a unguwar Jurf. Da aka gama girbi aka ware wa ma'aikata nasu, sai ya raba daidai wa daida. Kwandon Kanar daidai da na mai shara!

"Haka suka fara a Masko!" in ji Kanar. "Yau dabino, gobe gona, jibi su ce babu kanar!"

Ya rubuta rahoto shafi tara, ya kai wa Fahad, kafilin Suhaib, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar. Nan fa abin ya daina ba ni dariya. Kafili ya juya baya, iƙama, takardar izinin zama, ta mutu, yara biyar su koma ƙasar da ake harbi na gaske.

Fahad ya karanta rabin shafi, ya kira Suhaib. "Wai kai ɗan gurguzu ne?"

"Wallahi maigida, ban san shi ba. Gani na yi tsofaffin nan ba sa iya hawa, na ce kada su koma gida hannu rabbana."

"Halas, shi ke nan," in ji Fahad. "Kanar ya yi gaskiya. Daga yau babu gurguzu a gonata. Kowa ya ci abin da ya hau ya tsinko."

Nasara ta samu. Suhaib na nan da iƙamarsa. Rundunar ta watse ran nan, kowa na tsine wa kwamandansa.

Bana ma girbi ya zo. Kanar na gindin dabino da kwando, ya ɗaga kai sama, yana jiran iska.