Gishirin da Na Kai Malumfashi da Damina

Ba zan taɓa mantawa da daminar farko bayan rasuwar matata Rabi ba, Allah Ya jiƙanta. Ni ɗan ƙaramin falke ne a Tsiga, jakina guda, kuma a da na ɗauka wayona ne ke ciyar da gidanmu.

Kowace kaka Rabi kan zauna tana gurzar auduga, tana raba mini shekara da baki. "Malam, kaka auduga, rani gishiri, bazara fartanya, damina gona." Nakan ce to, to (a zuciyata kuwa hirar gurza ce kawai), in tashi in yi abin da ta faɗa, in dawo ina yabon kaina.

Da ta tafi, zaman gidan ya yi mini nauyi. Sai na ji wani matafiyi na cewa gishiri ya yi wuya a Malumfashi. Ban tambayi dalili ba. Na sayar da audugar da ta bari, na sayi gishiri, na cika mangala, na kora jaki, ga hadari ya haɗu a gabas. Jarina ke nan kaf.

Ruwa ya same mu a hanya, muka kuma tsallake rafi har ƙirjin jaki. Daga nan jakin sai ƙara sauri yake, ni kuma ina yaba masa, ina cewa albarkar tafiya ce. Da muka kusa gari awaki suka biyo mu suna lasar ƙafafunsa. Wannan ma na ɗauke shi farin jini.

Na shiga kasuwa da ƙarfina. "Ga gishiri ya iso, jama'a!" Mata suka taru da ƙorai. A cikin taron har da surukina, mahaifin Rabi, wanda ko haɗa ido ba na yi da shi. Na kwance mangala, na zura hannu har kafaɗa. Abin da na ciro ko miyar gida ɗaya ba zai isa ba.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ko jakin za ka bari mu lasa?"

Aka yi ta dariya. Surukin nawa bai yi ba. Ya ja ni inuwar rumfa, ya ce, "Ka san abin da ya sa gishiri ke wuya da damina?"

"Yanzu na sani, Baba."

"Uwar Rabi ma haka ta raba mini shekara. Ni da na kauce, fartanya na kai kasuwa bayan girbi." Sai a nan ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla. Ya ba ni irin gyaɗa ya ce in koma gona, damina ba ta ƙare ba.

Gyaɗar ta yi kyau, da ita na tayar da jari, alhamdulillahi. Yanzu duk kaka nakan zauna inda take zama, in raba shekarata da baki kafin in ɗaura wa jaki kaya. In kuwa na ga ya fara sauri ba dalili, ba na yabonsa sai na taɓa mangala.